Gyaɗar da Muke Ci a Gida

A gidanmu na Drum gyaɗa kashi biyu ce. In an ɓare, Inna ta baza faifai ta tsince masu ƙiba ta zuba a buhu, ƴan kasuwar Kano da ke Zango su saya. Ƙanana da motsattsu da waɗanda fumfuna ta taɓa, su ne rabonmu, su muke ce wa tsinta. Da su ake kunu, da su ake ƙuli-ƙulin da Baba ba ya gajiya da shi. In ka ji ɗaci ka yatsine fuska, Inna ta ce haɗiye, ba a zubar da abinci. Kowane gida haka ake yi.

Ina budurwa Baba ya rasu. Idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya zube. A likita can Damagaram suka ce hanta ce, mu koma gida mu yi ta addu'a.

Lokacin yayata tana karatun likita a Yamai. Bayan rasuwar ta duƙufa kan bincike, shekara da shekaru tana bin rumbunan ƙauyukanmu tana ɗibar gyaɗa, tana auna jinin mutane. Ta nuna yadda dafin da fumfuna ke bari a gyaɗa, in ya tarar da ƙwayar cutar hanta a jikin mutum, suke haɗuwa su cinye hantar. Har ƙasashen waje ana karanta rubutunta, ɗalibai suna kafa hujja da ita. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Duniya ta ji, ga ƴaƴana a tsakar gidan Inna suna shan kunun wannan gyaɗar.

Yaya ƴar fari ce, Inna kuwa mai kunya ce ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yi mata magana ido da ido, sai dai ta ce “waccan”, ni in kai saƙo. Yaya ta sha aiko ni in ce a daina cin tsintar. Inna ta ce, “Gaya wa waccan, da ita ta girma har ta kai Yamai.” Dalilin ne ba mu taɓa faɗa mata ba. In mun faɗa, mun gaya mata ke nan abin da ta yi ta ba Baba da hannunta, kuma dukanmu tsoron wannan muke.

Wata kaka Yaya ta zo gida, wani gidan radiyo a birni ya yi hira da ita da Hausa. Da hantsi aka saka hirar, muna zaune mu uku, Inna na tsinta. Yaya ta miƙa hannu za ta kashe. Inna ta dube ni ta ce, “Ce mata ta bar shi.”

Muryar Yaya ta yi ta bayani a natse: gyaɗa mai ɗaci, ido ɗorawa, kumburin ciki. Hannun Inna ya tsaya a kan faifai. Na ji tausayinta.

Da aka gama, na gyara zama ina jiran saƙon da zan kai. Inna ba ta dube ni ba. Ta juya ta kalli ƴarta ta fari.

“Ke. Abin da ya ci babanku ke nan?”

Yaya ta sunkuyar da kai. “Inna, ba ita kaɗai ba ce. Akwai ƙwayar cutar a jininsa tun da can. Kuma ba wanda ya sani a lokacin.”

“Amma tana ciki.”

“Tana ciki, Inna.”

“Kin sani, kika bar ni ina ba jikokina?”

Inna ta tashi da ƙwaryar tsintar, ta wuce kaji da akuya ba ta watsa musu ko ɗaya ba, ta juye a murhu. Ta dawo ta kwance bakin buhun kasuwa, ta cika ƙwaryar da masu ƙiba, ta ajiye a gaban Yaya.

“Duba min wannan,” ta ce mata. “In tana da kyau, a dama wa yara kunu.”