Kunyar da Ba Tata Ba

Wata mata tana zaune a ƙarshen benci a tashar Circle, muna jiran motar unguwar Maamobi bayan la'asar. Ba za ta wuce shekara talatin ba. Mayafinta a goge yake, amma ya zame gefe guda, kuma ba ta ɗaga hannu ta gyara ba. A cinyarta akwai babbar ambulan ta asibiti wadda bakinta ya tsufa don yawo, ga kuma gorar rubutu tana leƙowa daga jaka. Da alama kowace ƙofa ta ƙwanƙwasa.

Idanunta a ƙasa suke. Wata tsohuwa mai kwandon albasa ta zauna kusa da ita, ta gaishe ta, matar ta amsa da murya mai nauyi kamar harshen ya gaji.

"Masha Allah," in ji tsohuwar, tana duban mu. "Ga 'yar mutunci. Yaran unguwar Nima na yanzu ido cikin ido suke kallon ka."

Matar ta ɗago kai. Sai ta sa ɗan yatsa ta tura fatar idonta sama, ta riƙe, don ta ga mai yabon nata.

"Ba kunya ba ce, Maama. Da safe suna buɗewa, da yamma su faɗo. Likita na huɗu ke nan, yau ya rubuta mini sunan abin. Kin taɓa jin mai irinsa?"

Tsohuwar ta girgiza kai, ta ɗan ja kwandonta. Matar ta juyo gare ni, yatsan yana riƙe da fatar idon. Ni kuwa, da lafiyayyun idanuna, na sunkuyar da kai.