Ƙarnin Kifi a Falon Baba

Babanmu manomin albasa ne, amma bai taɓa yarda cewa iyakar iliminsa ke nan ba. Shi ke gyaran rediyonsa, shi ke yi wa kansa aski, kuma shi ya ja wayar wutar gidanmu na Jega da hannunsa, tun daga mita har banɗaki. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an zagaya da shi ya ga wayoyin nan.

Shekarar da na gama karatu na dawo gida, gonarsa ta wajen Aliero ta yi albarka. Ya sayo wa Inna firiza don ta riƙa yin ƙanƙara, ya haɗo da hitar dafa ruwa da dutsen guga. Duka ukun ya jona su a soket ɗaya a falonsa, don ya riƙa ganin wanda ya kunna da wanda ya kashe.

Ba a yi wata biyu ba falon ya fara ƙarnin kifi. Baba kuwa ba ya cin kifi, tun da ƙaya ta maƙale masa yana yaro, kuma ya hana a shigo da shi gidan.

"Wa as soya kihi cikin gidan ga?" ya tambayi Inna.

"Alhaji, shekara talatin ban ci kihi gabanka ba, yau zan soma?"

Ya lura da kalmar "gabanka", amma ya bar ta. Aka ɗaga kujeru, aka kaɗe darduma, aka kwashe firiza tas ana neman laifinta. Kyanwar gidan ta sha kora har ta koma wurin maƙwabta.

Ni ce na fara lura cewa ƙarnin ba ya tashi sai an kawo wuta, kuma ya fi ƙarfi in Inna na guga. Da na faɗa wa Baba, sai ya dube ni da tausayi.

"Duk bokon da kinka yi, ba a gaya miki wuta ba ta da wari ba?"

Sai yayarsa, Gwaggo, ta zo daga Maiyama. Ta shaƙa sau ɗaya ta ce mutanen ruwa ne suka biyo wani daga gulbi. Ta dafa bangon kusa da soket, ta ji shi da ɗumi, ta ce to ga ma inda suke kwana. Kwana uku ana turare a falon. Abin da muka samu shi ne ƙarnin kifi mai ƙamshi.

Inna ta gaji. Ba tare da ta gaya wa kowa ba ta kira taubashin Baba, ɗan kawunsa, wani dattijo mai gyaran wuta a Aliero. Shi kaɗai ne a duniya yake gaya wa Baba magana son ransa. Ya iso da hantsi a kan babur, ya gaisa, ya ce a kunna komai. Aka kunna firiza da hita da dutsen guga, shi kuma ya zauna yana shan fura. Da ya shanye sai ya tashi yana bin bango yana shinshina, yana taɓa kowane makunni da bayan hannunsa. Da ya zo kan soket ɗin ya janye hannu da sauri. Ya nuna mana fuskar soket ɗin, wadda a da fara ce, yanzu ta yi ruwan ƙasa a bakin ramukan. Mu mun ɗauka datti ne.

Ya fita ya kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita, sannan ya kwance soket ɗin. Bayansa ya narke ya lanƙwashe. Robar wayar, da ya taɓa ta, sai ta ruguje kamar ƙanzo, jan ƙarfen ciki ya yi baƙi.

"Ga kihinka nan, Alhaji. In roba ta gasu, haka taka wari. Wa yay yi maka wanga aiki?"

Baba ya ce wani yaro ne, ya manta sunansa.

"In ka tuna shi, a kai shi kiwon awaki. Wagga waya ta ƙwan lantarki ɗaya ta, anka aza mata kayan jaki. Sukurun kuma ba a ɗaure shi ba, shina rawa. Duk inda haɗi ka rawa, nan zahi ka taruwa."

Ya ce da mamaki fiyus bai tsinke ba. Da ya buɗe gidan fiyus, sai ya tarar da ƙusa a ciki. Baba ya yi bayani cewa abin ya cika tsinkewa ne, shi ya sa yaron ya yi dabara. Taubashin ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce mai gadi na ihun ɓarawo, an kama mai gadin an ɗaure masa baki.

Daga nan ya sa tsani ya leƙa cikin silin, kuma bai sake dariya ba. Ya sauko ya ce Baba ya hau da kansa. Na riƙe masa tsanin. A can sama an murɗe wayoyi biyu an naɗe su da leda, ledar ta narke, katakon da ke kusa ya zama gawayi wajen faɗin tafin hannu. Daidai ƙarƙashinsa Baba yake jingine tabarmi, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin da jikokinsa suke barcin rana.

Baba ya daɗe a saman tsanin fiye da yadda kallon yake buƙata. Da ya sauko, ya sa hularsa ya hau bayan babur ɗin taubashin suka tafi kasuwa. Suka dawo da waya mai kauri da fiyus na gaske. Yini biyu ana aiki, firiza ta samu layinta ita kaɗai, Baba na miƙa kayan aiki yana shan tsiya bai rama ko ɗaya ba.

Da aka gama, taubashin ya ɗaure jakarsa zai tafi, sai Baba ya riƙe kan babur ɗin.

"Tsaya ka ci tuwo," ya ce, yana kallon ƙasa. "In ka ƙare, ka duba min ɗakin uwar yaran ga. Shi ma ni niy yi shi."