Gaisuwar Mutuwa a Gidan Manoma

Ni ba mai fita ba ce. Tun da na zo New York wajen 'yata, iyakacina falo da kicin da tagar nan mai kallon gangaren unguwarmu Highbridge, inda nake zama ina ganin mutane suna haki da ledojin cefane. Abin da ya fitar da ni ranar nan, jikata ce.

Tana shekara goma sha ɗaya uwarta ta cire ta daga makaranta, don wasu 'yan ajinsu sun sa ta a gaba da tsokana har ta daina cin abinci. Aka koma karatu a gida, a kan teburin da nake tsince wake. Karatu ya tafi daidai, amma ƙawa ko ɗaya babu sai ni, ni kuwa ba a tsallen igiya da ni. Sai uwar ta samo wasu iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida, waɗanda kan haɗu su kai yara wuraren tarihi, irin inda ake shiga kyauta ko a jefa abin da ya sauwaƙa a akwati. Dukanmu mun san ba tarihin muke nema ba, ƙawa muke nema. Fitarmu ta farko da su ta faɗo ranar da uwar ke aiki, kuma dole kowane yaro ya zo da babba. Babban nan ni ce.

"Gidan wasu manoma ne can saman Manhattan," in ji 'yata. "Ya fi shekara ɗari biyu."

Ni dai na ji gida, na ji manoma. A garinmu gidan da ya kai haka cike yake da jikoki da tattaɓa-kunne da awaki, kuma ban taɓa shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Na toya waina, na yi miyar taushe, na cika kula.

Jikar ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona. Hausa tana jin ta sarai, amma da Turanci take mayarwa, ni kuma ina tsintar abin da na tsinta.

"Kaka, don Allah, yau kaɗai, kar ki yi wani abu."

"Wane abu, ƙawata?"

"Kowane abu."

A bas ta zauna nesa da ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

Gidan fari ne, da baranda, ya ɗare kan tudu tsakanin kantuna da hayaniyar motoci. Wata Baturiya ta buɗe mana ƙofa cikin riga har ƙasa, kanta a rufe. Na ce a raina, kai, matar gidan nan ta san sutura. Na rangaɗa sallama, na tuɓe takalmina na jera a gefe. Yara biyu suka ga haka su ma suka tuɓe, iyayensu suna janyo su.

Da muka shiga sai na fara ganin abin mamaki. Kowane ɗaki an gitta masa igiya a ƙofa kamar ana tsoron akuya. Ga gado an gyara, ba mai kwana. A garin da 'yata ke aiki kamar jaka don hayar ɗaki biyu! Ƙarƙashin gadon kuma ga fo, fo dai na fitsarin dare, manyan mutane da gilashin ido sun sunkuya suna ɗaukarsa hoto. Da na san haka ake daraja shi a nan, da na taho da namu.

Na taɓo jikar. "Wai ina masu gidan? Kular nan ta fara nauyi."

"Kaka, sun mutu."

"Inna lillahi! Wane daga ciki?"

"Duka! Tun tuni!"

To, ni ban san wani abin yi ba in an ce an yi rashi a gida. Na ajiye kula, na rusuna gaban Baturiyar, na ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana." Na juya ga jikar. "Faɗa mata."

Ta yi ƙus-ƙus da baki. Matar ta washe haƙora.

"Ke," na ce, "ban yi boko ba, amma na san a garin nan ba a gaisuwar mutuwa babu sori. Ni 'nayis' na ji kin ce. Gidan kika yaba. Sake."

Idonta ya cicciko. Sai ta ɗaga murya da haushi, yadda kowa zai ji: "Kakata ta ce sori mutanenku sun mutu, kuma ga abinci ta kawo musu!"

Matar ta dafa ƙirji ta yi godiya, ta ce ita ba dangin masu gidan ba ce, daga unguwar Queens take zuwa, rigar ma ta aiki ce. Nan wata yarinya mai ƙananan kitso ta tuntsire da dariya har ta zauna a ƙasa. Jikata ta ruga waje.

Na ce shi ke nan, dariyar da muka gudo mata daga makaranta na ɗauko na kawo a kula. Mai kitson ta tashi ta bi ta, ni ma na bi su da safa, takalmi yana can ƙofar gaba.

Na same su a benci cikin lambu. Na laɓe bayan wata bishiya na kasa kunne. Ashe mai kitson labarin kakarta take bayarwa, wata tsohuwa 'yar Haiti, wadda a fitar da ta wuce ta ga gunki tsirara a ɗakin kayan tarihi, ta cire mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu, har sai da mai gadi ya zo. Jikata ta share ido ta ce wannan ai ba komai ba ne, tata kakar takan gaishe da muryar da ke faɗin tasha a jirgin ƙasa. Ƙarya take, sau ɗaya ne. Suka shiga gasar wa ya fi fama da kaka. Ina ji ina gani aka sayar da ni arha.

Wainar a lambun nan aka cinye ta. Burodin da iyaye suka ƙullo tattabaru ne suka more. Baturiyar ma ta tattare doguwar rigarta ta zauna, ta nemi ƙarin miya.

A hanyar dawowa jikar ta zauna kusa da ni. Ta karɓi wayata ta saka lambar mai kitson. Tun ranar wayar ta daina zama tawa.

Fita ta gaba aka ce tsohuwar maƙabartar bayi ce, 'yan Afirka, can ƙasan Manhattan. Jikar ta zo ta same ni a kicin, kuma da Hausa ta yi maganar, don kar in ce ban gane ba.

"Kaka, waɗannan ma sun mutu. Na gaya miki tun yanzu."

"Ai ƙawata, waɗannan su ne ma ake yi wa sallama."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Can ta ɗauki wayata ta kira mai kitson, ta ce lallai lallai ta taho da tata kakar.