Baitocin Jingar Bayan Maƙabarta

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da jingar unguwarmu ta fashe a Haɗejiya, aka ɗora wa ƙanena laifi.

Malamin firamare ne, amma da rubuta waƙa aka fi saninsa, duk Juma'a yakan rera ɗaya a rediyo. A farkon daminar ya rera wata a kan kogi. Ya ce ciyawar kachalla ta toshe wa ruwa hanya, jingar bayan maƙabarta kuma ta rarake, in ba a gyara ba ta nan zai shigo. Mutane suka yaba baitocin, ba wanda ya ɗauki shebur.

Da kogi ya cika, daidai wurin ya ɓalle. Shinkafa ta nutse, gidaje suka zube, aka tsugunar da mu a wata makaranta. A nan na lura mata sukan yi shiru in na iso, har wata maƙwabciyata ta fito fili.

"Ya aka yi ƙanenki ya san wurin? Ba 'yar tsallaken kogi yake aure ba? Ai da ruwan ya yo kanmu, gonakin surukansa ne suka tsira."

Sai ga wani ya ce ya taɓa ganinsa a kan jingar da fartanya. Na ja ƙanen nawa gefe na faɗa masa abin da ake cewa. Sai ya ce:

"Na je, Yaya. Ramukan gafiya na je toshewa. Wa zan kira ya shaide ni?"

Mai unguwa ya tara dattawa, ƙanena ya rantse a gabansu, ba a kuma samu hujja ba. Duk da haka aka ce ai mai sarrafa harshe ne, rantsuwa ba ta yi masa wuya. Aka daina amsa gaisuwarsa, a masallaci na kusa da shi ya riƙa matsawa. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Kano.

Yau littattafansa sun kai jami'o'i, ana gayyatarsa taro har Abuja, amma bai sake rubuta ko baiti ɗaya a kan kogin ba. Mu kuwa duk damina muna nan muna kallon jinga, kowa na ganin inda take yoyo, kowa ya kama bakinsa. Abin da na koya ke nan: garin da ya zargi mai yi masa gargaɗi, shi ya koya wa sauran yin shiru.