Ce Mata Ta Zaɓi Tsibirin

Yayana mai gyaran fanka ne. Duk layinmu Mai Fanka ake ce masa, har jikokinsa, kuma ba ya jin haushi. Shagonsa ɗakin gaban gidan ne aka fasa wa ƙofa ta titi. In za ka shiga sai ka sunkuya, don fankokin sama na rataye a ƙugiya, na tsaye kuma sun jeru jikin bango, wata ba kai, wata ba ƙafa, kowacce da ɗan ƙyalle a wuyanta don ya gane mai ita. Tun yana saurayi ya koyi naɗin waya a wurin wani tsoho, har yau yatsunsa na da zanen wayar. Kafin ya kwance fanka sai ya kunna ta, ya kara kunne, ya ce, "To, faɗa mini abin da ke damunki." Bakinsa ba ya hutawa. Yana hira da masu kawo gyara, da mai shayin tsallaken titi, da ƙarfen da ba shi da rai. Mutum ɗaya ce a duniya ba ya yi wa magana, ita ce matarsa.

Kada ka ɗauka faɗa suke yi. Shi ke ɗora mata ruwan zafi kullum da safe saboda ciwon gwiwa. Fankar da ta fi kowacce lafiya a gidan tana saman keken ɗinkinta, a ɗakin baya inda take ɗinka labule da zanin gado. Ita kuma in ya yi tari sau biyu a shago, kafin na uku kofin ruwan ɗumi ya iso. Sai dai magana ba ta tafiya kai tsaye, sai ta bi ta bakin wani. Suna zaune a falo ɗaya, gwiwa na kusa taɓa gwiwa, zai juyo ya ce mini, "Ce mata an kawo wuta." Ita kuma, da ƙwan fitila a kanta tar, ta ce, "Ce masa na gani."

Na tambayi kowa yadda abin ya fara, ba wanda ya sani. Lokacin da aka kawo ta muna gidan mahaifiyarmu, gida cike da jama'a, su biyun duk kunya ta ci su, ni kuma ina 'yar ƙarama, sai aka riƙa aikena. Na girma na yi aure, 'yarsu ta fari ta gaje ni tun harshenta bai gama warwarewa ba. Daga ita sai ƙannenta, ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'ya biyar suka haifa, kuma kada ka tambaye ni wa ya kai saƙon wannan, ni ma na yi tunani na gaji. Shekarar da autansu ya tafi makarantar kwana mijina ya rasu, na dawo gidan na tarar aikina na jirana kamar ban taɓa tafiya ba. Matarmu nake ce mata don tsokana, ita ta ce mini Uwar Iyayi.

To, bana ɗana ya gina mini ɗaki a gidansa, a wani gari mai nisa, ya ce in tattara in koma. Na yi murna. Babbar 'yar Yaya, wadda ke aikin jinya muke ce mata Nas, ita ce ta fara hango abin da ban hango ba. Ta kira ni a waya.

"Gwaggo, in kin tafi wa zai ce wa Baba abinci ya nuna? In Mama ta zame a banɗaki, wa za ta ce ya ce masa?"



Ta ce ita da ƙannenta sun yanke shawara, za su tura iyayensu hutu wani tsibiri can tsakiyar teku, inda ba kowa, ba yara, waya ma ba ta kamawa. Wurin ma'aurata ne kawai, mutum biyu a ɗaki. In ba wanda za su aika, dole su yi magana. Sai an hau babban jirgi, a sauka a hau ƙarami, a sauka a hau kwalekwale mai inji.

Na ce, "Laifin me suka yi?"

"Gwaggo, hutu ne. Mutane rububinsa suke yi."

"Rububin zuwa inda ba kowa? To in duk suka je ai an samu kowa."

Ta ce in daina, ta turo hotunan wurare uku a wayata, ta ce su da kansu za su zaɓa, ni nawa kai hoto.

Wallahi na juya wayar nan sama da ƙasa ban gane ba. Na farko ɗakuna ne a kan ƙafafun katako cikin ruwa, daɓen ɗakin gilashi, kifi na wucewa ƙarƙashin gado. A wurinmu in ruwa ya zo ƙarƙashin gadonka maƙwabta jaje suke zuwa. Na biyu bukkoki ne cikin itatuwan kwakwa, banɗakin ba rufi, a kan gadon an naɗe tawul an yi tsuntsu da shi, ban san ko a goge jiki da shi ba ko a ba shi tsaba. Na uku babba ne, da wurin kiɗa da kantuna da mutane a kwance a rana kamar an shanya su. Nas ta ce wannan cikon hoto ne kawai, kada in bari su zaɓe shi.

Na kai wa Yaya shago. Ya sa tabarau, ya goge hannu a riga, ya buɗe hoton farko da yatsu biyu. Bai kalli teku ba, bai kalli kifi ba, silin ya nufa.

"Wannan fankar ado ce, fiffiken katako. Ba za ta ba da iska ba."

"Yaya, iskar teku ce ke kaɗawa a wurin."

"To me ya sa suka sa fanka? Ce mata ta zaɓa."

Na kai wa Matarmu. Ta tsayar da keke, ta cire allura daga baki, ta duba.

"Ɗaki ba labule? Ga ƙasa ma a buɗe. Ce masa kifi ma ido gare shi. Ce masa duk wanda ya zaɓa ya yi."

Haka muka kwana muka tashi. Da Nas ta matsa, sai Yaya ya zaɓi na bukkoki, wai ba matakala, gwiwarta za ta huta. A daidai lokacin Matarmu ta zaɓi mai kiɗa, wai mutumin nan in bai samu abokin hira ba ciwo zai yi. Na kai wa kowa zaɓin ɗan'uwansa. Yaya ya ce tunda mai kiɗa take so, shi ma shi. Na koma ɗakin baya na tarar ta riga ta sauya, wai tunda bukka yake so, bukka. Na dawo shago, ya sake komawa. Tun ina riƙe da zaren har ya kuɓuce mini. Na kai wa Yaya saƙon da shi ya ba ni, ya ce, "Ita ma haka ta ce?" na ce ban sani ba. Wani bawan Allah ya kawo fankar tebur, na tare shi a ƙofa na ce masa ta ce ba labule. Ya dubi fankarsa ya dube ni, ya ce shi ƙara take yi masa kawai.

Wata rana da hantsi, ba kowa a shago, Yaya yana naɗin waya, bai ɗago ba ya ce, "Ki tambayi yarinyar nan ko ana sa gado na uku."

"Mutum biyu aka ce, Yaya."

"Ko mai kawo abinci da ke jin maganarmu, wanda za a ɗan riƙa aika."

"Babu."

Ya ci gaba da naɗi, na ga ya ɓata layin ya warware, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Can ya ce, "Ke kin san in ta bakinki maganar ta bi, ko ba ta da daɗi ba a gane tawa ce. In na zauna gabanta na buɗe baki ta ga ba komai a ciki fa? Tsoho ne kawai da ya san fanka."

Na ce in kai mata wannan? Ya ce in na kai ba shi ba ni.

Na shiga ɗakin baya da abin a ƙirjina. Matarmu na lanƙwasa bakin labule. Ita ta fara.

"Uwar Iyayi, ni ba na son tafiyar nan."

"Tsoron ruwa?"

"A'a. Shekara talatin da ɗoriya ban sani ba, ko kunya ce ta hana shi yi mini magana, ko kuwa ba ya so ne ya samu hanyar ɓoyewa. Muddin akwai ɗan aike ba sai na sani ba. In muka je can, ranar farko zan sani. In rashin so ne, ta ina zan dawo? Ruwa ne ko'ina."

Na ce in kai masa? Ta ce in na kai ta daina ɗinka mini ko ɗankwali.

Ka ga inda suka ajiye ni. Rayuwata duk ina kai saƙon an kawo wuta, an ɗauke wuta, gishiri ya yi yawa, ina makullin ƙofa. Ga saƙo biyu da suka isa a kai, duka an hana ni. Tausayinsu ya kama ni, haushinsu ma ya kama ni, na rasa wanne ya fi. Na fara tunanin ko in ce wa ɗana na fasa, in zauna in mutu a tsakanin shago da ɗakin baya.

Washegari bayan abincin rana Nas ta kira, ta ce masu wurin na jira, yau za a ba su amsa ko a ba wasu ɗakin. Muna falo mu uku, ni a kujerar tsakiya inda na saba. Na faɗa musu. Yaya ya ce, "Ce mata ta zaɓa." Matarmu ta ce, "Ce masa..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na miƙe, na dangwarar da wayar a kan tebur.

"Ba zan ce ba. Ga ta nan, ga ka nan, kunnuwanku huɗu lafiya lau. Ni ma tsufa nake, gwiwata ba ta roba ba ce. Ku zaɓa ko ku bari, ni ƙarshen wata na tafi."

Na shige kicin na turo ƙofa, amma ban rufe ta duka ba, ai ni ma mutum ce.  Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba.

 Fankar falo kaɗai ke juyawa. Ta tsagar ƙofa ina hango su, kowa na kallon wayar kamar za ta yi magana. Fuskar wayar ta yi duhu ta mutu, ba wanda ya taɓa ta. Na wanke kofin da yake a wanke, na sake wanke shi. Na ce shi ke nan, na ɓata abin da ke tafiya lafiya, yanzu za ta sani a falonta ba sai ta haye teku ba, kuma in rashin so ne ni na jawo.

Sai na ji Yaya ya gyara murya. Ya juya ga kujerata, wadda ba kowa a kai.

"Ce mata ni ban iya ruwa ba."

Matarmu ta dubi kujerar ita ma. Na ga hannunta ya damƙe gefen zaninta.

"Ce masa ni ma."

"Ce mata..." Ya tsaya, ya cire tabarau ya mayar. "Ce mata ba wai ba na so ba ne. Ban san ta inda ake farawa ba, kuma da aka daɗe sai na ji kunyar farawa."

 Ni har na manta da famfo a buɗe.

"Babu kowa a kujerar nan," in ji ta. "Ni kaɗai ce."

"Na sani."

Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya dube ta. Ita ta ɗauki wayar ta kunna, ta tashi da ƙyar saboda gwiwa, ta zauna a kujerata. Suka sunkuyar da kai kan hoton, muryarsu ta yi ƙasa, na kasa kunne iya kasawa ban ji ko kalma ɗaya ba.

Har yau ban san wane tsibiri suka zaɓa ba. Ita ta kira Nas da kanta, kuma da na tambaya Yaya ya ce magana ce tsakaninsu. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma ranar nan har rana ta faɗi ba wanda ya kira ni, na zauna a kicin a kan turmi ina sauraron ko za a ce "Ce mata," ba a ce ba. Da na gaji na tashi na fara haɗa kayana.