Cikin Da Matan Garinmu Suka Yi Wa Ƙanwata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ban da abin da ya sami ƙanwata a shekarar da ruwan Kainji ya ci garinmu, aka kwashe mu zuwa sababbin gidaje a ƙasar Ngaski.

Tun tana ƙarama ba ta da lafiya. Idonta rawaya, ƙasusuwanta na ciwo, ba ta ƙiba. Muna tarewa sai cikinta ya fara tasowa, tana da shekara goma sha uku. Allah ya albarkaci garinmu da likitoci masu yawa, dukansu mata, asibitinsu kuma bakin ruwa wurin wanki. Ba su taɓa ta ba, amma suka gano ciki ne, har suka san uban: wani leburan da ya gina gidajenmu.

Baba ya yarda da su. Ya daina amsa gaisuwarta, ya ce tarbiyyar gidan su Inna ce ta fito. Ita kuwa yarinyar ta daina fita, sai kuka a ɗaki. Ciki ya shekara ba haihuwa, likitocinmu ba su ji kunya ba, suka ce ai kwanciya ya yi.

Ranar da ta suma, Inna ta ce wa Baba, "Malam, ko ka kai ɗiyata asibitin Yelwa, ko in ɗauke ta da kaina." Muka shiga kwalekwale mu huɗu.

Likita ya danna gefen cikinta na hagu, ya ɗibi jini. Ya ce amosanin jini ne. Jininta saurin lalacewa yake yi, ɓargo ya kasa cike gurbin, sai saifa da hanta suka kama yin jini, suka kumbura.

Baba ya yi gyaran murya, ya tambaya ko daga dangin uwa ake gado.

"Daga ku biyu ne, Malam. Rabi naka ne."

Aka ƙara mata jini, ta rayu har ta yi aure. Da muka koma gida, cikin matan garin babu wadda ta ba ta haƙuri. Kowacce cewa ta yi dama ita ba ta taɓa yarda da zancen ba.

Baba ne kaɗai ya shiga ɗakinta ya nemi gafara, yana hawaye. Ranar na koyi cewa yawan masu faɗin magana ba ya mai da ita gaskiya, kuma mara lafiya ya fi jin ciwon bakin mutane fiye da na jikinsa.