Kafin Sholisho Ya Sha Iska

Shekara talatin Baban Auta yana faci a bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, da daron ruwa da famfo da benci mai ƙafa uku da rabi. Dokarsa ɗaya ce a sana'a: in ka shafa wa tiyub sholisho, ka bar shi ya sha iska minti biyar kafin ka ɗora faci. Mai gaggawa, gobe zai dawo da tayarsa a kafaɗa.

Auta, 'yarsa, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ta bar masa Littafi Mai Tsarki nata, gefen shafukan cike da rubutunta na fensir, ta kuma karɓi alkawari a bakinsa: aya ɗaya kullum, da addu'a. Alkawarin ya gagara. Da asuba gyangyaɗi yake a kan littafin, da yamma kuma ƙashin bayansa ke wa'azi.

"Kai da aya sai ka ce ɗan hakin da ka raina," in ji matarsa. "Layi biyu fa, Baban Auta!"

Wata safiya ya shafa sholisho, ya juya zai ci gaba da gardamar ƙwallo da mai shayin kusa da shi, sai ya tsaya da baki buɗe. Minti biyar! Shekara talatin yana zubar da su a kunnen mai shayi.

Washegari ya zo da littafin a jakar leda. Facin farko ya shafa, ya karanta, ya rufe ido, ya ce amin, ya ɗora faci. Ya kama tsam. Ya yi tsalle har bencin ya kife.

"Lafiya, Baba?" in ji mai babur ɗin da ya kawo tayar.

"Ɗana, tayarka da addu'a a cikinta. Je ka taka ƙusa ka gani!"

"A'a, na yarda."

Kwana goma sha tara bai fasa ba. A rana ta ashirin ya juya shafi da babban yatsa mai danƙon sholisho, ya rufe littafin. Da ya sake buɗewa, shafi biyu sun manne, daidai inda rubutun Auta ya fi yawa. Ya ja kaɗan, takardar ta yi ƙara. Ya bar rumfa a buɗe, ya ruga gida da takalmi ɗaya.

"Maman Auta, na yi wa littafin yarinyar nan faci!"

Ta duba, ta dube shi. "Wa ke kuka kullum cewa zafin kwalta ke ɗaga masa faci?"

Ta ɗora ƙyalle, ta bi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, shi kuma yana zura wuƙar tebur a hankali, ko numfashi ba ya yi. Shafukan suka rabu. Rubutun na nan, sai tambarin yatsansa baƙi ƙirin a gefe. Ta karanta a fili: "A yi wa Baba addu'a, ya rage gardamar ƙwallo."

Suka yi dariya har ta zauna a ƙasa, tana share ido da gefen zane.

Yanzu da tsinken wayar keke yake juya shafi. Gardamar kuwa ta ragu da minti biyar cif, kuma mai shayi bai yafe masa ba.